Babi na Shida: Tusa Ba Ta Hura Wuta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Danja ya san ƙanshin daren hunturu a bakin fadama. Rake ya nuna, an sare an jibge, injin matsa yana ta gurnani, ruwan raken yana tafasa a manyan kasake, ana tura masa busasshiyar tuƙa a madadin itace. Aikin mazarƙwaila ba ya son gaggawa, shi ya sa ake kai dare, wata rana har kiran assalatu. Manya suna juyawa suna kwashe kumfa, mu yara kuma mun kewaye murhu, muna jin ɗumi muna jiran ƙanzon da za a kankaro mana.

A irin wannan dare, ina ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, wani yayanmu ɗan maƙwabta da ya zo hutu daga makarantar kwana ya ja mu bayan tarin rake, inda hasken murhu bai kai ba. Ya ce yau zai ƙaryata mana karin magana. Da yamma ya cika cikinsa da ɗanwake. Ya laluba aljihu ya ciro ashana. Abin da ya biyo baya ko ƙiftawar ido biyu bai kai ba: wani ɗan harshen wuta shuɗi-shuɗi ya yi wal, ya ɓace. Muka yi tsit. Sai kuma dariya ta ɓarke, wasu na birgima a ƙasa, ƙanena har da hawaye. Dattijon da ke kan kasko ya ɗaga murya ya ce, "Kai yaran nan, lafiya?"

Yayan namu ya ce, "Lafiya lau, Baba."

Babu wanda ya iya faɗa wa tsohon abin da muka gani, babu kuma wanda ya kai labarin gida. Ba mu haɗa baki ba. Kowa dai ya san wannan ba maganar da ake yi gaban manya ba ce.

Karin maganar da ya ce zai ƙaryata ita ce wadda kowa ya sani: tusa ba ta hura wuta. Ana faɗarta ga wanda ya tunkari babban aiki da abin da ba zai isa ba. Na daɗe ina zaton yayanmu ya kayar da magabata a daren nan, sai da na girma na gane bai ko taɓa su ba. Hura wuta daban, kamawa da wuta daban. Maƙeri idan yana danna zuga-zugi, iskar oksijin yake tura wa gawayi, ita ce wuta take shaƙa. Iskar da ke fitowa daga hanji kuwa oksijin ɗinta kaɗan ne ƙwarai, ko kusa ba za ta tada garwashi ba. Magabata sun yi daidai. Abin da ba su faɗa ba shi ne, ita kanta tusar tana iya zama makamashi.

Ga yadda abin yake. Wani ɓangare na iskar ciki haɗiyarsa muke yi tare da abinci da ruwa, kuma mafi yawansa naitirojin ne, wanda ba ya ci da wuta. Sauran a babban hanji ake ƙera shi. Akwai abubuwan da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, musamman wasu nau'o'in sukari da ke cikin wake, da gurjiya, da waken suya, da kuma ɗusar hatsi. Haka nan suke wucewa su isa babban hanji, inda ƙananan halittu bila adadin suke jiran rabonsu. Su ne suke ci, suna fitar da kabon-dayoksaid da haidurojin. A cikin wasu mutanen kuma akwai wata ƙwayar halitta ta daban da take shanye haidurojin ɗin ta mayar da shi miten. Haidurojin da miten su ne masu kama wuta. Miten ita ce iskar da ake ɗura wa motoci masu amfani da CNG, ita ce kuma take tashi daga kashin shanu idan aka tara shi a rufaffen rami. Da zarar ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Haidurojin ya fi ta saurin fushi: daga kashi 4 har zuwa 75 cikin ɗari yana kamawa.

Duk waɗannan ba su da wari ko kaɗan. Warin da ke tada majalisa yana zuwa ne daga abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wato iskoki masu ɗauke da farar wuta, irin wanda ruɓaɓɓen ƙwai ke yi. Wani likitan ciki a Miniyafolis ta Amurka, Michael Levitt, ya shafe shekaru yana auna wannan iska, kuma shi da abokan aikinsa ne suka tabbatar da haka a 1998. Saboda haka wadda ta fi wari ba lallai ita ce ta fi ci da wuta ba, mai ƙara ma haka. Yawanta kuwa, masu bincike a Shefil ta Ingila sun auna na mutum goma a 1991, suka tarar lafiyayyen mutum yana fitar da abin da ya kama daga mililita 476 zuwa 1,491 a kwana guda. A ma'aunin da muka saba, ledar fiya wata ɗaya zuwa uku ke nan, ana sakinta kaɗan-kaɗan sau goma zuwa ashirin tsakanin safiya da safiya. Sarki da bafade, liman da ladan, amarya da uwar miji, babu wanda aka ɗauke wa.

Akwai wani bincike da ya shafe mu kai tsaye, wanda na yi mamakin ƙarancin waɗanda suka san da shi. A ƙasashen Turawa an daɗe da lura cewa wajen mutum ɗaya cikin uku ne hanjinsa ke yin miten mai yawa. A 1993 aka buga sakamakon wani aiki da aka yi a ƙauyuka biyu na arewacin Najeriya, inda aka auna numfashin mutum 274, don miten ɗin hanji yana ratsa jini ya fito ta huhu. Cikin manya 159 da aka gwada, 122 aka samu suna fitar da shi, kashi 77 cikin ɗari ke nan. Ɗaya daga cikin marubutan, Andrew Tomkins, likita ne da ya yi aiki a ƙasar Malumfashi a kan abincin yara da gudawa. Wato mutanen karkararmu, masu tuwon dawa da masara da wake da ganye, sun ninka Bature wajen wannan iska. Ba cuta ba ce. Amma yana nufin wasan da yaro a Landan zai gwada ya tashi a tutar babu, ɗan Dabai ko Tandama ya fi shi kusa da ganin wuta.

To me ya sa abin yake ba da dariya haka? Ni a ganina amsar tana cikin kunya. Bahaushe ya gina rayuwarsa a kan kame jiki: ba ya cin abinci a gaban suruki, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, dattijo ba ya gudu a kasuwa. Ko sunan abin ma kauce masa muke yi, mu ce wane ya yi hutu, ko ya saki iska. Sai ga wani abu da ke fitowa ba sallama, bai san rawani ba, bai san gemu ba. Dariyar ta faɗuwar girma ce. Shi ya sa ta jariri ba ta ba kowa dariya sosai, amma ta mai unguwa a tsakiyar shari'ar gona za a shekara ana labarinta a ɓoye. Shi ya sa kuma muka keɓe mata wuraren da aka yarda a ambace ta: tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, a bakin 'yan kama, da kuma cikin karin magana, inda aka ce tusa ta ƙare wa bodari idan mai barazana ya rasa makaminsa.

Ba mu kaɗai ba ne. Barkwancin da masana suke ɗauka shi ne mafi tsufa da aka samu a rubuce, na Sumeriyawan ƙasar Iraƙi ne, wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a kan wannan batu yake. A wasu kwafin Dare Dubu Da Ɗaya akwai labarin Abu Hasan, wanda iska ta kuɓuce masa a daren aurensa a gaban taro. Kunya ta kore shi har ƙasar Indiya, ya yi shekara goma. Da ya saɗaɗo gida yana fatan an manta, sai ya ji wata uwa tana lissafa wa 'yarta ranar haihuwarta da daren abin da ya same shi. Ya juya bai sake dawowa ba. Duk Bahaushen da ya ji wannan labari yana dariya ne yana kuma tausayi, don ya san da shi ne ma abin da zai yi ke nan. A Faransa kuwa wani mai gasa burodi ɗan Marsel, Joseph Pujol, sana'a ya mayar da abin. Daga 1892 yana cika zauren Moulin Rouge na Faris, yana kwaikwayon kukan dabbobi da ƙarar igwa, yana kashe kyandir daga nesa. Sai dai shi iskar waje yake zuƙa ta ƙasa ya mayar, ba ta hanji ba ce, shi ya sa take kashe wuta maimakon ta kama.

Addini bai bi hanyar Pujol ba, bai kuma bar mutum a halin Abu Hasan ba. Yaron da ya fara Ahalari ko Ishmawi a zaure yana jin malam ya ambaci fitar iska cikin abubuwan da ke warware alwala, a fili, ba kwana-kwana, kuma ba wanda ya isa ya yi murmushi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Zam'a cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutane nasiha a cikin huɗuba kan dariyar da suke yi wa wanda iska ta fitar masa, alhali abu ne da kowannensu yake yi. A ruwayar Abu Dawuda kuma an koya wa wanda alwalarsa ta warware a sahu ya kama hancinsa ya fita, malamai suka ce don a zaci haɓo ne. Ana kuma ba da labarin Hatimul Asammu, wani bawan Allah na Balkh, wanda mace ta zo yi masa tambaya sai iska ta kuɓuce mata. Ya ce ta ɗaga murya, ba ya ji sosai. Daga nan laƙabin kurma ya bi shi. A duk waɗannan ana kiran abin da sunansa idan ilmi ya buƙata, ana kuma suturta mutumin. Mu kuwa sau da yawa akasin haka muke yi: mu ɓoye ilmin, mu tona mutumin.

Ƙyasta ashana yana ƙara wa dariyar abu biyu. Na farko, abin da ba a gani ya zama abin gani. Na biyu, wanda ya kamata ya ji kunya ya zama gwanin fage: maimakon a nuna shi da yatsa, shi ya tara 'yan kallo. Ga yaro ɗan shekara goma sha uku wannan ba ƙaramar riba ba ce, kuma duk wanda zai hana shi ba tare da ya fahimci haka ba, bakinsa kawai zai ɓata.

A zamaninmu sai wanda ya je makarantar kwana yake kawo irin wannan labari. Yau yana cikin wayar kowa. Bidiyon daƙiƙa goma ne a TikTok ko Facebook, ana tura shi a caji ofis, ana kallo a bakin shagon kallon ƙwallo. Bidiyon yana tsayawa a kan dariya. Ba a ɗaukar abin da ya faru bayan minti biyar.

Yara da yawa suna tsoron wutar za ta bi hanya ta koma ciki ta fasa hanji. A wasan ashana wannan ba shi ne abin da aka fi gani ba, saboda ƙarancin oksijin a can ciki. Amma a ɗakin tiyata, inda ake hura iska cikin hanji a kuma sa na'ura mai ƙona nama, ya faru. A 1979 likitoci a Nansi ta Faransa suka ba da rahoton wani majinyaci da ya rasu bayan hanjinsa ya fashe ana cire masa tsiro. An wanke masa ciki ne da wani sukari mai suna manitol, ƙwayoyin hanji suka mayar da shi haidurojin. Wasu likitocin Girka da suka bi diddigi a 2007 sun ƙirga irin wannan fashewa guda 20 da aka rubuta tsakanin 1952 da 2006. A watan Afrilun 2016 kuma, a asibitin Jami'ar Likitanci ta Tokiyo, ana yi wa wata mata aikin bakin mahaifa da hasken leza sai wuta ta tashi ta kama mayafin tiyata, ta ƙone ta daga ƙugu zuwa ƙafafu. Kwamitin da ya bincika ya ce iskar hanjinta ce mafi kusa da zama sanadi. Irin wannan haɗari yana cikin dalilan da likita yake matsa wa mutum ya wanke ciki sarai kafin a leƙa hanjinsa.

Haɗarin da ke gaban yaranmu ya fi wannan sauƙin fahimta: fata, da tufafi, da abin da ke kewaye. Babu wanda ya san yawan iskar da za ta fito ko ƙarfin cakuɗinta, shi kansa mai ita bai sani ba. Yayanmu wandon auduga mai kauri ne a jikinsa. Yaran yau gajeren wandon jesi suke sawa, na roba, wanda ba ya tsayawa a ci da wuta kawai, narkewa yake yi ya manne a fata yana ci gaba da dafa ta. Iskar kuma takan taru tsakanin wando da jiki, sai wutar ta kama a can ciki. Ƙara da lokacin da aka fi yin wasan: hunturu, komai ya bushe ƙayau, dangar kara, tarin harawa, katifar soso a ɗakin kwanan ɗalibai, galan ɗin fetur na mai babur a lungun zaure, jiki kuma an shafe shi da man basilin.

Shekarun baya kaɗan ƙanwata ta kira ni a kan abokin ɗanta, yaro ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare. Kwana uku ke nan yana tafiya a tale, ba ya zama a kan tabarma, ya ce maruru ne. Uwarsa ta matsa ta gani, ya ƙi. Ƙannensa sun san gaskiya, abokansa shida sun san gaskiya, duk suka yi gum. A ɓoye suka yi ta yi masa magani da abin da suka ji ana faɗa: wannan ya kawo man goge baki, wancan ya fasa ɗanyen ƙwai, wani ya ce baƙin mai ya fi. Sai da zazzaɓi ya rufe shi, ɗaki ya fara wari, sannan ɗan ƙanwata ya fashe da kuka ya ce, "Kawu, wallahi ba maruru ba ne, wuta ce."

Ƙunar ba ta fi tafin hannu ba. Da a dantse take, aka sa mata ruwa nan take, da wataƙila cikin mako biyu ta warke. Amma a matse-matsi take, inda gumi yake, inda bayan gida yake bi kullum, inda fata ke gogar fata. Ƙa'idar masu jinyar ƙuna ita ce duk ƙunar da ta shafi al'aura ko tsakanin cinyoyi, komai ƙanƙantarta, asibiti ake kai ta. Taimakon farko kuma ba shi da tsada: a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti ashirin. Kada a fizge tsumman da ya manne, kada a fasa ƙurajen ruwan, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi. Ba ƙwai, ba gishiri, ba gashin zomo. Daga Danja, Funtuwa ba nisa, Malumfashi ba nisa, idan abin ya yi tsanani ga asibitin koyarwa na Shika. Yaron nan ba nisa ne ya hana shi zuwa ba, ba kuma kuɗi ba. Ya gwammace ya kwana uku yana cizon filo da ya buɗe baki ya gaya wa mahaifiyarsa inda ya ƙone da yadda aka yi. Ya yi fiye da mako uku a gadon asibiti, a kife.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da mahaifinsa ya iso. Na ga ya shigo fuska a murtuke, na ce yau yaron nan zai sha na biyu. Ma'aikacin jinyar, wani dattijo mai furfura, ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, in ka yi masa faɗa yanzu, gobe ƙaninsa ya ƙone ba zai gaya maka ba." Uban ya daɗe a tsaye. Sannan ya shiga, ya zauna a bakin gado, ya ce, "Sannu, ɗan Baba." Bai ƙara komai ba.

A hunturun da ya biyo baya na je gida, na bi ta fadama da dare. Yayan nan namu yanzu shi ne a kan kasko, gemu ya yi fari, jikokinsa ne suke jiran ƙanzo. Bayan mun gaisa na ba shi labarin yaron, na kuma tuna masa daren ɗanwake. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ajiye ludayin, ya dubi inda yaran suke, ya rage murya.

Ya ce, "Ai ni ma na ƙone a daren nan. Kuna ta birgima, ni ina jin fatata tana tashi. Sati biyu a gefe ɗaya nake zama. Inna ta yi ta tambaya, na ce sirdin keke ne."

Na ce, "Yaya, shekara nawa ke nan, ba ka taɓa faɗa ba?"

Ya ɗauki ludayinsa ya koma kwasar kumfa. Ya ce, "Kai ne na farko."